Me ya sa ake ɗaure hannun shugaban ƙasa game da babban banki?

Wani Alhaji mai fataucin dawa da riɗi a kasuwar Gadarif da ke Sudan ya aiko mini da tambaya, ya ce in amsa a fili domin abokan zamansa na rumfa su ma su gani. Ga abin da ya ce: "Muna ji a rediyo shugaban Amurka yana ta caccakar shugaban babban bankinsu kan ya rage kuɗin ruwa, shi kuwa ya ƙi. Ta yaya yaro zai fi ƙarfin ubangidan da ya ɗora shi a kan kujera? Rage ruwa ai sauƙi ne ga mai neman rance. Mu kuma da bankunanmu ba sa harkar ruwa, me ya shafe mu da wannan rigima?"

Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na yi shekara ashirin da wani abu ina aikin banki tsakanin Wad Madani da Sinnar, mafi yawansu a teburin murabaha (banki ya sayi kaya ya sayar maka bashi da ribar da aka yanke) da salam (a biya kuɗi yanzu, a kawo kaya daga baya), kuma ina gaya maka rigimar nan ta shafe mu fiye da yadda ta shafi Amurkawan kansu. Su gudun abin suke yi kada ya same su. Mu ya riga ya same mu, har ya shiga bakinmu ba mu sani ba.

Duba yadda muke lissafi a kasuwa. Yaro zai miƙo maka takardar jine dubu, kai da shi ku kira ta miliyan. Baƙo daga Kano ko Maraɗi ya kan rikice da jin haka. Asalin abin shi ne an canza mana kuɗi sau biyu: a 1992 aka kawo dinari, kowane ɗaya a kan jine goma, sannan a 2007 aka dawo da sabon jine, wanda gidajen rediyo ke kira fam, kowane ɗaya a kan dinari ɗari. Sifili uku aka share daga takarda, amma harshen mutane bai yarda ya share su ba. Waɗannan sifilin ba daga sama suka faɗo ba. Kowane ɗaya shaida ce ta shekarun da gwamnati ta kashe abin da ba ta da shi, ta sa babban banki ya cike mata giɓin.

Gwamnati kowace iri ce, ta soja ko ta farar hula, hanya uku take da ita ta samun kuɗi. Ta karɓi haraji, mutane su yi ƙorafi. Ta ci bashi, mai ba da bashin ya gindaya sharaɗi kuma ya jira ranar biya. Ko kuma ta sa a ƙirƙiro sabon kuɗi. Ta ukun ita ce mai daɗi, domin ba a neman izinin kowa, ba mai karɓar haraji da zai zo rumfarka, ba rasit. Amma kai ne za ka biya. Kamar mai nono ce da ta ƙara ruwa a ƙwarya: ludayin da take auna maka bai ragu ba, ƙarfin nonon ne ya tafi. Buhunan dawar da ke Gadarif ba su ƙaru da ko ɗaya ba don an buga sababbin takardu a Khartum, takardun da ke bin buhunan ne suka yi yawa, sai farashi ya tashi ya daidaita su.

Abin da ya sa wannan hanya ke yaudarar masu mulki shi ne daɗinta ke fara zuwa, ɗacin sai daga baya. In aka saki kuɗi yau, cikin 'yan watanni za a biya albashi, 'yan kwangila su samu, kasuwa ta motsa. Tsadar kaya sai bayan shekara ɗaya ko biyu take bayyana sosai, a lokacin kuma ana iya ɗora laifin kan 'yan kasuwa da 'yan canji da masu ɓoye kaya. Maganin kuwa akasin haka yake: in aka matse kuɗi, zafin nan take ake jin sa, sauƙin sai an yi haƙuri. Wanda zaɓe ke gabansa, ko wanda ke tsoron zanga-zanga a mako mai zuwa, da wuya ya zaɓi ɗaci yau. Ba sai ya zama mugu ba. Kujerar ce ke tura shi. Shi ya sa ƙasashe da dama suka ga ba a ba kura ajiyar nama, suka raba hannun da ke kashe kuɗi da hannun da ke ƙirƙirar sa.

To mu je Amurka, tun da daga can tambayarka ta taso. Bayan annobar korona farashi ya tashi a can har hauhawarsa ta kai kashi 9.1 cikin ɗari a Yunin 2022, abin da ba su gani ba cikin shekara arba'in. Babban bankinsu ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili a Maris 2022 zuwa sama da kashi 5 a Yulin 2023. Hauhawar ta sauko, aka fara rage ruwan a Satumbar 2024, amma a hankali. Donald Trump da ya dawo mulki a Janairun 2025 ya ga ragin bai ishe shi ba, ya dinga sukar shugaban bankin na lokacin, Jerome Powell, a bainar jama'a, har a Agustan shekarar ya yi yunƙurin korar ɗaya daga cikin gwamnonin bankin, Lisa Cook, magana ta tafi kotu. Shi Trump ɗin ne da kansa ya zaɓo Powell a ƙarshen 2017. Dokarsu ce ta hana shi sallamar mutumin don saɓanin ra'ayi kawai: gwamnonin bankin bakwai ne, wa'adin kowanne shekara 14, kuma ba a cire shi sai da ƙwaƙƙwaran dalili na laifi ko sakaci. Ka kuma lura da wani abu. Bashin da ke kan gwamnatin Amurka ya haura dala tiriliyan 36 a 2025, kuma Trump bai ɓoye ba cewa rage ruwa zai rage wa gwamnati nauyin biyan wannan bashi. Wato babban mai cin bashi a ƙasar ne ke neman a bar shi ya yanke wa kansa farashin bashin. Kai da ka daɗe a kasuwa, ka san abin da zai faru ranar da aka ce mai saye shi kaɗai zai yanka farashin buhu.

Sun taɓa gwada sakin wannan igiya. Kafin zaɓen 1972 Richard Nixon ya matsa wa shugaban bankin na lokacin, Arthur Burns, ya saki kuɗi, kuma faifan maganganunsu na nan a ajiye. Nixon ya ci zaɓe. Tsada ta biyo baya, tashin farashin mai na 1973 ya ƙara mata wuta, ta yi ta ci har ta kusa kashi 15 a 1980. Wanda ya kashe wutar Paul Volcker ne, shugaban bankin da ya zo daga baya, ya ɗaga ruwa har wajen kashi 20. Manoma suka kawo taraktoci suka tare ƙofar bankin a Washington, rashin aikin yi ya kai kashi 10.8 a ƙarshen 1982. Zuwa 1983 hauhawar ta faɗo ƙasa da kashi 4. Maganin ya yi aiki, amma da an hana cutar shiga tun farko, da miliyoyin mutane ba su rasa aikinsu ba wajen fitar da ita.

Misalin da ya fi kusa da zuciyarmu shi ne na Turkiyya, domin can an sa addini a maganar. Shugaba Erdogan ya daɗe yana cewa ruwa mai yawa shi ke haifar da tsada. Ya sauke gwamnan babban banki a Yulin 2019, ya sauke na bayansa a Nuwambar 2020, ya sauke na uku, Naci Agbal, a Maris 2021, kwana biyu bayan ya ɗaga ruwa zuwa kashi 19. Wanda ya gaje shi ya yi ta ragewa har zuwa kashi 8.5. Hauhawar farashi ta haura kashi 85 a Oktobar 2022, a lissafin gwamnati kanta. Lira da ake canza dala ɗaya a kan bakwai zuwa takwas a farkon 2021 ta wuce talatin a farkon 2024. Bayan zaɓen 2023 sai ga gwamnatin nan dai ta juya, aka ɗaga ruwan har kashi 50 a Maris 2024. An gudu daga 19, an ƙare a 50.

A nan ina so a fahimce ni da kyau, don na san malamai na karantawa. Haramcin riba ba abin jayayya ba ne a wurina, a tsarin da ba ruwa na yi rayuwar aikina gaba ɗaya. Amma Turkiyya ba ta daina ruwa ba, rage shi ta yi ƙasa da tsadar kaya, ta bar tsarin yadda yake. Sakamakon haka, mai ajiya a banki ya yi ta asara, mai babban bashi ya yi ta cin riba, ɗan fansho ya koma ƙirga burodi. Shari'ar da ta hana riba ita ce ta hana tauye mudu da cin dukiyar mutane da ɓarna. Kuɗi ma'auni ne, kamar mudu da sikeli. Wanda ya rage ƙarfinsa a ɓoye ya tauye mudun kowa da kowa a dare ɗaya.

Yanzu ga namu. Gaskiya ne Babban Bankin Sudan, wanda ya fara aiki a 1960, ba ya yanka kuɗin ruwa kamar na Amurka. Tun shekarun 1980 aka fara mayar da bankunanmu tsarin Musulunci, aka kammala a shekarun 1990. Amma rashin ruwa bai hana bankin riƙe famfon kuɗi ba. Shi ke faɗin kason ajiyar jama'a da kowane banki zai jingine a wurinsa, shi ke nuna iyakar ribar murabaha, shi ke saye da sayar da takardun musharaka, wato na haɗin jari, irin su Shahama da aka fara a 1999, shi ke riƙe da farashin dala, kuma shi ke ba gwamnati rance. Matsin siyasa da Amurkawa ke gani ta ƙofar ruwa, mu ta waɗannan ƙofofi yake shigo mana, musamman biyun ƙarshe.

Wanda ya kai shekarunmu ya tuna farkon shekarun 1990, lokacin da farashi ke ninkawa kusan kowace shekara, hauhawar ta haura kashi 100 a mafi yawan shekarun har 1996. Abin da mutane da yawa suka manta shi ne yadda ta sauko. A 1996 aka naɗa Abdulwahab Usman ministan kuɗi, ya taƙaita rancen da gwamnati ke karɓa daga babban banki, ya ce ma'aikatu su kashe abin da ya shigo kawai. Zuwa 1998 hauhawar ta sauko ƙasa da kashi 20. Man fetur bai fara fita waje ba sai Agustan 1999. Ina nanata wannan domin ana yawan cewa mai ne ya gyara jine. Mai ya taimaka daga baya, har muka ga dala a kan jine biyu da 'yan kai wajen 2007 da 2008, amma rufe famfo ne ya fara. Sai dai wannan horo ya rataya ne a kan ra'ayin mutane ƙalilan da amincewar fadar shugaban ƙasa. Ba wata katanga ta doka da za ta tsaya in ra'ayin ya canza.

Ya kuwa canza. A Yulin 2011 Sudan ta Kudu ta ɓalle da kusan kashi uku cikin huɗu na man da ake haƙowa. Kuɗin shiga ya faɗi, kashe kuɗi bai faɗi daidai da shi ba: ga yaƙe-yaƙe, ga tallafin mai da alkama, ga albashi. Sai aka juya ga zinariya. Babban banki ya zama shi ne mai sayen zinariya daga hannun masu haƙa kuma mai fitar da ita waje. Don kada a yi fasa-ƙwaurinta, sai ya saya da farashin da ya yi kusa da na dalar kasuwar bayan fage, da sabon jinen da ya ƙirƙira. Dalar da ya samu kuma ya ba da ita a farashin gwamnati mai arha don shigo da mai da alkama. Ka saya da tsada, ka sayar da arha, ka cike asarar da bugun takarda. Ba ɗan kasuwar da zai yi wata uku a haka bai rufe rumfa ba. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya yi ta faɗin wannan a rahotanninsa, ma'aikatan bankin da dama ma sun san haka, amma wa zai ce a'a? Gwamnan da takarda ɗaya daga fada za ta iya sauke shi gobe ba ya iya cewa a'a sau biyu.

Shekarar 2018 ba za ta fita daga raina ba. Kuɗi ya yi yawa a lissafi, takarda ta yi ƙaranci a hannu, domin an taƙaita cire kuɗi da nufin hana mutane sayen dala. A reshen da nake, mutane kan fara layi tun bayan asuba. Wata safiya wani dattijo daga wajen Mai Wurno ya zo, ya sayar da shanu biyu an biya shi da ceki, yana son kuɗin don aikin idon matarsa. Kuɗinsa na nan a rubuce, na gani da idona a kwamfuta, amma abin da aka ce mu ba kowa a rana bai kai kuɗin motarsa da abincinsa na jinya ba. Ya cire hularsa ya ajiye a kan teburina, ya ce, "Ɗana, shanun dai sun tafi, kuɗin kuma ka ce suna nan. To ina ne nan ɗin?" Ban sami abin ce masa ba. Da yamma na ji ya sayar da cekin ga wani a kasuwa da ragi mai yawa don ya karɓi tsaba. A shekarar kowane kaya ya zama mai farashi biyu, na kuɗi hannu da na ceki. Ka duba, Alhaji: ƙasar da ta kori riba daga bankunanta, sai ga talaka yana sayar da jine ɗari a kan ƙasa da ɗari a bakin ƙofar banki. A Disambar shekarar burodi ya tashi daga jine ɗaya zuwa uku, hauhawar farashi ta haura kashi 70, Damazin da Atbara da Gadarif ɗinku suka fito titi, zuwa Afrilun 2019 mulkin shekara talatin ya faɗi. Gwamnatin da ta yi ta bugun kuɗi don gudun fushin jama'a, bugun kuɗin ne ya kawo mata fushin har gida.

Ka ce rage farashin rance sauƙi ne ga mai nema. Bari mu yi lissafi da buhu, da alƙaluman da na zaɓa don misali kawai. A ce wani ya karɓi murabaha ta buhu 1,000 a kan jine 1,000 kowanne, ribar banki kashi 20, zai biya miliyan 1.2 bayan shekara. A shekarar farashi ya tashi da kashi 70, buhu ya koma 1,700. Buhu 706 kawai zai sayar ya biya bashinsa duka, saura 294 nasa ne, bai yi gumin komai ba. Daga ina suka fito? Daga aljihun masu ajiya: malamin makaranta, bazawara mai 'yan kuɗin gado, ɗan ci-ranin da ke tara kuɗin aure. Kuɗinsu da zai sayi buhu 1,000 bara, ko an ba su ribar gaba ɗaya, 706 zai saya bana. Sai ka tambayi kanka, wa ke samun irin wannan murabaha? A shekarun da na yi a teburin, rancen da ya fi tsadar kaya arha bai taɓa isar kowa ba, don kowa na so. Da abu ya yi arha kuma ya yi kaɗan, sai a raba shi da sanayya da waya daga sama. Mai jingina babba da mai uwa a gindin murhu su ke ɗauka. Mai teburin shayi ba ta ma san ana rabawa ba.

Ƙaramin manomi kuwa, ta ɗaya gefen wuƙar ke yankansa. Shi salam yake karɓa: a ba shi kuɗi lokacin shuka, ya biya da buhunan dawa bayan girbi a farashin da aka yanke tun farko. In tsada ta yi gudu tsakanin damina da kaka, farashin da aka yanke sai ya zama rabin na kasuwa, ga gas da lebura da buhun zuba kaya duk sun tashi a kansa. Shi ya sa aka sa sharaɗin nan na izalatul gabni a yarjejeniyar, wato ɗauke ƙwara, kuma shi ya sa kowace shekara sai an yi ja-in-ja kan farashin salam a Gadarif. Ka fi ni sanin manoman da suka kwana a kurkuku kan bashin noma. Yarjejeniyar halal ce, ma'aunin da aka rubuta ta da shi ne ke narkewa.

Gwamnatin riƙon ƙwarya ta gaji wannan rami, kuma da farko ita ma ta ci gaba da cike giɓi daga babban banki, ga ƙarin albashi mai yawa a 2020. A Fabrairun 2021 aka sauke farashin gwamnati daga jine 55 zuwa 375 a kan dala, a Yuni aka cire tallafin fetur da gas, a Yuli hauhawar farashi ta haura kashi 400. Mutane sun sha wuya ƙwarai. Amma da aka rage dogaro da bugun kuɗi, dala ta ɗan tsaya wuri ɗaya na wasu watanni, hauhawar ta kama sauka, zuwa farkon 2023 tana ƙasa da kashi 100. Sai yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, dala tana wajen jine 600. A 2024 ta wuce 2,000.

Ba zan yaudare ka ba, a cikin yaƙi maganar 'yancin babban banki tana da iyaka. Masana'antun Khartum sun tsaya, Jazira ta yi watanni ba noma yadda ya kamata, haraji ya ragu, bankin kansa ya koma Bur Sudan, an canza gwamnansa wata ɗaya da fara faɗa. Ko wa aka ɗora a kujerar, ba zai iya ƙirƙiro alkama ko buɗe hanyar da aka tare ba. Ka ga yadda canjin takardun 500 da 1,000 na Disambar 2024 ya dawo mana da farashi biyu, na tsaba da na Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya. Duk da haka ina ganin yanzu ne lokacin yin maganar, domin ranar da aka ajiye bindiga, buƙatar kuɗin sake gini za ta fi ta 2011 nesa ba kusa ba, kuma hannu zai sake miƙewa zuwa famfon nan.

'Yan'uwanmu na Najeriya ma sun ɗanɗana. Dokar babban bankinsu ta 2007 ta ce rancen wucin gadi da zai ba gwamnati kada ya wuce kashi 5 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata. Duk da haka bashin ya taru har naira tiriliyan 22.7, majalisa ta mayar da shi bashin dogon zango a 2023. Zuwa ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta kusa kashi 35, ruwan babban banki ya kai 27.5. A can ma an dakatar da gwamna Sanusi Lamido Sanusi a Fabrairun 2014 bayan ya yi maganar kuɗin man da ba su shiga baitulmali ba. Doka tana nan a rubuce, amma doka ba ta tsare kanta, sai da majalisa da kotu da 'yan jarida masu bin sawu.

Za ka iya cewa, to Saudiyya fa, inda sarki ke naɗa gwamnan banki ya kuma sauke shi, amma riyal ɗin da 'ya'yanmu ke turowa daga Jidda da Makka bai motsa ba? Su wata igiyar suka ɗaure kansu da ita. Tun 1986 dala ɗaya riyal 3.75 ce, kuma don riƙe wannan alƙawari dole babban bankinsu ya bi na Amurka sawu da ƙafa: in an ɗaga ruwa a Washington su ɗaga, in an rage su rage. Suna iya hakan ne saboda man da suke sayarwa da dala da ajiyar da ta haura dala biliyan 400. Mu mun gwada kafe farashin dala ba tare da ajiya ba, abin da muka samu kasuwar bayan fage ce. Nan ma rigimar Trump da Powell ta zo ƙofarka: in aka raunana dala a can, riyal ɗin ɗanka ma ya raunana tare da ita.

Akwai inda nake tare da kai ɗari bisa ɗari. Bai dace wanda ba a zaɓa ba ya zama ba mai tambayarsa. Gwamnonin babban banki mutane ne, suna kuskure: na Amurka sun yi jinkirin ɗaga ruwa a 2021 suna cewa tsadar mai wucewa ce. Wani gwamnan ma shi ke shiga siyasa da ƙafarsa, ya mayar da bankin ma'aikatar rabon rance. Ruwa mai yawa kuma yana kashe ƙananan sana'o'i da gaske, kuma in tsadar daga fari ko yaƙi ko rufe iyaka ta fito, matse kuɗi kaɗai ba ya sauko da farashin albasa. Shugaban ƙasa yana da haƙƙin faɗin ra'ayinsa. Inda aka ja layi shi ne barazanar kora da tilasta buga kuɗi.

Don haka yaron bai fi ƙarfin ubangidansa ba. Ubangidan na gaskiya doka ce da jama'a, su suka ba shi amana, shugaban ƙasa kuma naɗawa kawai aka wakilta shi ya yi. Kamar alƙali ne: sarki ke naɗa shi, amma ranar da aka kawo ƙarar ɗan sarki ba a son ya waiwayi fada kafin ya yanke hukunci. Ingila ta yi hakan a 1997: gwamnati ke faɗin inda ake son hauhawar farashi ta tsaya, bankin ke zaɓen hanyar kaiwa can, in ya kauce sosai gwamnan ya rubuta wa ministan kuɗi wasiƙa a fili ya bayyana dalili. Abin da nake fata wa Sudan ke nan in Allah ya kawo zaman lafiya: wa'adin gwamna da ba a yanke shi da takarda ɗaya, iyakar rancen gwamnati da ba a tsallake ta sai majalisa ta zauna kowa na gani, a fitar da bankin daga cinikin zinariya da rabon dala mai arha, kuma kowane wata a buga yawan kuɗin da aka ƙirƙira da wanda aka ba gwamnati. Na ƙarshen nan ya fi sauran muhimmanci a wurina, don da mun riƙa ganin wannan adadi tun 2012, da ba a daɗe ana gaya mana cewa 'yan canji ne kaɗai suka kashe jine ba.

Kafin nan, Alhaji, ranka ya daɗe, ka riƙa lissafin jarinka da buhu. In ka shiga kaka da abin da zai sayi buhu 500 ka fita da abin da zai sayi 450, asara ka yi ko da jinen da ke wayarka ya ninka. Bashin da za ka ba abokan cinikinka na Kasala da Damazin, ka gajarta wa'adinsa. Manoman da ke kawo maka kaya kuma, in ka ba su kuɗin shuka, ku zauna tun yanzu ku yi maganar abin da za a yi in farashi ya yi tsalle kafin girbi, ku sa shaidu biyu, a rubuta.